Inda Kawu Zai Shigo

Kwanakin baya na shiga wurin wani mai aski a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, na tarar yana kallon tsohon fim ɗin Masar, baƙi da fari. Kiɗan kawai na ji, sai ga ni lokacin ƙuruciya a gidanmu na unguwar Balad, cikin zafin bazara, fanka na juya iska mai gishiri.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gadin sito ne a tashar jiragen ruwa. Kafin nan, in ji shi, ya bar Sudan yana saurayi, ya yi shekaru a Alƙahira yana fitowa a finafinai. Bai taɓa cewa shi ne jarumi ba. Ya ce shi ne mutumin nan da ke shigowa, ya faɗi kalma biyu, ya fita, kuma ba a rubuta sunan irinsu.

Duk ranar da talabijin za ta nuna ɗaya daga ciki bayan la'asar, sai ya sa farar jallabiya, ya tara mu har da maƙwabta. Kowace magana yakan riga 'yan wasan faɗarta. Can sai ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Yalla, ku lura. Yanzu zan shigo."

Sai hoton ya yi tsalle. Jarumin da ke tura ƙofa, ga shi kuma a cikin mota. Kawu bai shigo ba.

Haka aka yi ta yi, fim bayan fim. Maƙwabta suka fara tsokana: "Alhaji, yau ma ta ƙofar baya ka bi?" Mu yara muna ta dariya. Wata rana mahaifiyata ta ce masa a gaban mutane, "Halas, ya isa, Yaya. Girma ya zo, a bari haka." Ya buɗe baki kamar zai yi bayani, ya fasa. Bai ƙara tara kowa ba. Har ya rasu ana yi masa kallon tsohon da ya ƙaga wa kansa tarihi, ni ma a ciki.

A shagon askin nan, jarumin ya tura ƙofa, hoton bai yi tsalle ba. Mashaya ce. Wani dogon saurayi ya shigo da tire cike da kwalaben giya, ya ajiye, ya rusuna, ya faɗi kalmominsa biyu. Tafiyar Kawu na fara ganewa, sannan yadda yake karkata kai.

A wancan zamanin, duk inda kwalbar giya ta fito yanke wurin ake yi a talabijin. Kawu ya sani. Yana so a gan shi, amma bakinsa ya kasa faɗa wa ƙanwarsa abin da ke hannunsa.

Yanzu Jidda na da gidajen silima. Gidan Balad babu kowa, maƙwabtan wasu sun rasu, wasu an mayar da su ƙasashensu. Mutum ɗaya ya rage da zan wanke Kawu a wurinsa. Na samo fim ɗin a waya, na kai wa mahaifiyata. Ta kalla sau biyu, ta shafa fuskarsa da yatsa.

"Shi ne," ta ce. Ta miƙo mini wayar. "Allah ya yafe masa. Goge shi, kada jikoki su gani."

Ban goge ba. Ban kuma nuna wa kowa ba.