Tabarmi Uku a Ɗakin Inna

Warin dafaffen ganyen dogon yaro ya tuna mani da Inna, yayar mahaifiyata, don da shi take wanke mikinta. Shekarar da gero ya bushe a Burkusuma, ciwon daji ya kama nononta. Barci ya ƙaurace mata, masu dubiya suka ɗauke ƙafa.

Wata azahar na kai mata kunu, na iske ta shimfiɗa tabarmi uku tana gaisawa da ƙawayenta da suka rasu.

Ta ce, "Bi a hankali, ɗiyata, kada ki taka Hajo. Su kaɗai ka zama da ni har safe."

Na aje kwanon na gudu, ban koma ba sai ranar jana'izarta. Allah ya haskaka kabarinta, ya yafe mani.