Kawu Na-Ƙi da Tsohuwar Kwamfutarsa

A kamfanin rubuta manhajar nan babu mai kiransa da sunan yanka. Na-Ƙi ake ce masa, don kafin ka rufe baki ya riga ya ƙi. Shi ke kula da rumbun da ake tara aikin kowa da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi masa. Kwafin ajiyar rumbun kuwa da wata manhaja da ya rubuta da hannunsa yake ɗauka, wadda ba ta tashi a kan kowace kwamfuta sai tsohuwarsa mai ƙarar fanka. Bai koya wa kowa ba, kuma da gangan. Ya tsani ma'aikatan, su ma sun tsane shi, amma duk ranar da aiki ya ɓace sai sun zo sun tsaya a kansa suna "ranka ya daɗe". Wannan tsayuwar ita ce abincinsa.

Sai ga 'yar ƙanwarsa, wadda shi ya yi mata hanyar aikin, ta miƙe a taro.

"Kawu, kwamfutocinmu tsari uku ne, kowanne da halinsa. Taka manhajar ɗaya kawai ta sani. Na gwada wasu, na sami wadda ke aiki a kan duka ukun, tana kwashe tarihin gaba ɗaya, kuma kowa zai iya dawo da shi."

"Kowa?" in ji shi. "Har da wancan da bai san inda ya ajiye makullinsa ba? Ke da na goya ki kika yi min fitsari a riga, yau ke za ki zaɓa min kayan aiki?"

"Idan ka kwanta ciwo fa, Kawu?"

"To, fatan da kike min ke nan. Zan gaya wa uwarki."

Ya gaya mata kuwa, har da ƙari. Manaja dai ya goyi bayan yarinyar, aka koma sabuwar manhajar. Tun daga ranar Na-Ƙi ya daina amsa gaisuwarta, ya juya teburinsa yana fuskantar bango. Kullum yana ɗaukar nasa kwafin a ɓoye, yana addu'ar tasu ta watsa musu ƙasa a ido.

Wata safiya masinja ya faɗa masa a waya cewa babbar kwamfutar ofis ta ƙone, rumbu ya tafi. Daɗi ya kashe shi. Ya yi wanka a tsanake, ya sa rigar da ya fi so, ya zauna a falo da waya a cinya. Ya ma shirya abin da zai ce: sai an kira sau uku zai ɗauka, kuma sai yarinyar da bakinta ta ba shi haƙuri.

Wayar ta yi shiru. Ya duba ko caji ne, ya duba ko sabis ne. Da rana ta take, ya kasa daurewa, ya tafi ofis da kansa.

Ya tarar kowa na kan aikinsa, wani har da hamma. 'Yar ƙanwarsa ta ɗago.

"Sannu da zuwa, Kawu. Mun dawo da komai tun da safe. Mai makullin nan ne ma ya yi, a tasa kwamfutar."

"Shi ne ba wanda ya neme ni?"

Ta dube shi, babu alamar gatse a fuskarta.

"Wallahi, Kawu, ba mu lura ba ka zo ba."