Daron da Inna Take Tsallakewa

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na kafa rumfar rainon iri a bayan gidanmu a Kontagora. Ƙarafa ne aka lanƙwasa, aka lulluɓe sama da farar leda, aka zagaye gefe da raga mai hana ƙwari. A ciki nake tsirar da tumatir da tattasai a farantan roba masu ramuka, masu noman rani su zo su ɗauka su dasa. Shekara biyu abu yana tafiya lafiya lau, ni kuwa kaina ya kumbura. Dama ban iya ɓoye jin daɗi ba. Ko gaisuwar mutuwa ka zo yi mini, sai na ja ka ka ga rumfa.

Akwai wata ƙawar mahaifiyata, Bakambariya daga wani ƙauye kusa da Ibeto. Inna nake ce mata. Tare suka yi zaman kasuwa da mahaifiyata, kuma bayan rasuwarta ba ta yanke ƙafa ba, duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gidana. Wata rana da damina ta ja baya, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan gwangwanin man shafawa. Irin attarugu ne a ciki, wanda ta gada wajen uwar mijinta, ƙanana masu ƙamshin da ake ji tun daga zaure. A daminar nan wata cuta ta bi gonarta ta ƙone su, gindi uku kawai suka kai ga nuna.

"Ɗiyata," ta ce, "iyakarsa ke nan a duniya. Ki raina mini shi a ɗakin ledarki. In ya tafi, ya tafi."

"Haba Inna! A hannuna?" Har da bugun ƙirji na yi.

Allah Ya rufa mini asiri, rabi kawai na shuka. Ba dabarata ba ce, farantai ne suka ƙare mini. Suka tsiro gwanin kyau, sannan suka fara faɗuwa. Gindin tsiron sai ya yi baƙi, ya sirance kamar zare, da safe in tarar da shi kwance. Cikin mako guda babu ko ɗaya a tsaye, har tumatir ɗina ya bi su. Inna ta zo ta gani, ta juya ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne daga wajen Tungan Magajiya, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Ban taɓa neman shawararsa ba, don a ganina iliminsa na zamanin da ne. Ranar Lahadi yana dawowa daga coci na tare shi a ƙofar gida, na sauke girman kaina na roƙe shi ya leƙa. Ya shiga, ya goga yatsa a jikin ƙarfe, ya nuna mini gansakukar da ta manne masa.

"Malama, yaushe rabonki da wanke ɗakin nan?"

"Kullum sai na share shi, Baba!"

"Ban ce shara ba. Wanki na ce."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Washegari sai ga shi da dogon burushi da tsohon wandonsa na gona. Kwana uku muka yi. Muka fitar da komai waje, har ƙusa. Matattun tsirai da tsohuwar ƙasa muka kai bayan katanga muka ƙone. Muka wanke leda ciki da waje da sabulu, muka bi ƙarafa da raga da soso, sannan muka bi su da ruwan bilic. Farantai kuwa ya ce sai an kankare ƙasar jikinsu tas kafin a jiƙa su, in ba haka ba maganin ba ya ratsawa. Sabuwar ƙasa a rabin duro muka turara ta, kamar mai dambun biki, har matarsa ta leƙo ta katanga tana tambaya ko za a sam mata. Daga ƙarshe muka rufe rumfar ruf, rana ta gasa cikinta. Hannuwana suka yi fari fat, bayana ya riƙe, shi kuwa tsohon ko nishi ban ji ya yi ba, kuma ko ruwan shayi da ƙyar ya karɓa.

A bakin ƙofa ya ajiye daro, ya shimfiɗa buhu a ciki, ya zuba ruwan magani. Duk mai shiga sai ya taka da takalminsa. Na yi bismillah na shuka sauran irin Inna, na kife gwangwanin, babu ko ƙwara.

Suka tsiro. Na fara murna ke nan, sai farantai biyu na kusa da ƙofa suka soma kwanciya. Wallahi ban san lokacin da na isa gidan Baba ba. Na ce masa bilicinsa ya cinye mini hannu a banza, na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ya bari na gama, ya zo ya fitar da farantan biyu, ya tambaye ni wa ke shiga. Na ce daga ni sai Inna. Ya ce to, ranar kasuwa zai zo.

Ranar ya kawo kujerarsa ya zauna gindin mangwaro. Ɗan acaɓa ya sauke Inna. Muka gaisa, ta nufi rumfa. Tana isa ƙofa ta tuɓe takalmanta ta jera su gefe, yadda duk mai tarbiyya yake yi a ƙofar ɗakin mutane. Ta tattare zani, ta tsallake daron a hankali, ta shiga da ƙafa tsirara, ƙasar gonarta cike da fason dugaduganta. Ta tsuguna tana tsoma yatsa a ramukan, tana duba ko sun sha ruwa.

Sau nawa na ga haka? Ban taɓa lura ba, don ni ma haka aka rene ni.

Baba ya yafito ni. "Cutar da ta ci gonarta tana cikin ƙasar nan," ya ce a hankali. "Ke za ki faɗa mata. Ni ba hurumina ba ne."

Ni mai bakin nan, sai ga shi na rasa ta inda zan fara. Yaya zan dubi sa'ar uwata in ce ƙafarta ce ke kashe abin da ta fi so? Na yi ta kewaye-kewaye, na tambaye ta me ya sa take tsallake daro.

"A'a, ɗiyata, ruwan shukarki ne mai tsabta. Ni da ƙafar gona zan taka shi?"

Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta ce, "Ashe ni ce." Ta fito, ta sa takalmanta, ta tsaya daga waje tana leƙe ta raga. Ta ce ba za ta ƙara shiga ba.

Wannan kam ban iya jurewa ba. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno da buta da sabulu, na zaunar da ita da ƙyar. Na durƙusa na wanke mata ƙafafu, na bi fason nan da soso ɗaya bayan ɗaya, tana ta cewa in bari, in bari, kunya nake ba ta. Na wanke mata hannu, na ba ta sababbin silifas ɗina, ta taka daron da su. Tun daga ranar haka muka riƙa yi duk mako, kuma ko tsiro ɗaya bai sake faɗuwa ba.

Na je na ba Baba haƙuri. Ya yi dariya ya ce ya saba, shekara da shekaru manoma suna zaginsa kafin su gode masa. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ban da shi da na kashe amanar da aka ba ni ina ta ɗora wa iska laifi.

Ranar da dashen ya isa ɗauka, farantai huɗu ne cif, ganye kore shar. Inna ta shiga da silifas ɗinta, ta tsaya a kansu, ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe gam don kada ta taɓa. Ta sunkuya tana yi musu magana da Kambarci, ƙasa-ƙasa. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na ce mata yau kam ta taɓa, nata ne, gida za su. Ta saki hannu ɗaya, ta shafa ganyen da bayan yatsa. Na juya na shiga gyara ragar da babu abin da ya same ta, don kada mu haɗa ido.