Ranar da Na Rina wa Abba Karan Fatsa

Mun tashi da asubar Asabar, tun masallatan Ƙofar Mata ba su gama watsewa ba. Mu uku ne: ni, da yayana mai tuƙi, da Abbanmu a kujerar gaba, ya rungume sandar fatsarsa kamar za a ƙwace masa. A saman mota an ɗaure wani siririn kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, ruwan ɗorawa, wanda Yaya ya aro wurin abokinsa. Mai shayin bakin lungunmu ya leƙo ya ce, "Ikon Allah! Takalmin wane ƙaton kuka tsinto?" Kowa ya yi dariya, ban da Abba.

Abba marini ne, gadon gidanmu ke nan. Tun ina ƙarama ban san hannunsa da wani launi ba sai na shuni. Abin da ya fi so bayan rini shi ne fatsa. Ya fara ta yana yaro a kududdufan cikin birni, waɗanda yanzu an cike yawancinsu an yi gini a kai, da ya girma kuma yakan hau babur ya tafi madatsar ruwan Tiga shi kaɗai, ba don sayarwa ba, don dai ya zauna gaban ruwa. Bara ganinsa ya fara raguwa. Likitoci suka ce magani zai riƙe abin da ya saura, amma wanda ya tafi ya tafi. Tun daga nan ya daina zuwa karofi, alhali daga ƙofar gidanmu ana jin warin ramukan rinin. Ya koma zaure, shi da rediyo. Da kyar muka shawo kansa ya yarda da wannan tafiya, shi ma da sharaɗi. Cewa ya yi, "Zan je in yi wa ruwa ban kwana. In mun dawo ku ba wa wani sandar." Maganar ta dame ni kwana da kwanaki, domin na san idan sandar nan ta bar gidanmu, babu sauran abin da zai ƙara fito da shi daga zaure.

Kafin rana ta fito mun wuce Na'ibawa, inda ake ta sauke lemo da kankana daga manyan motoci, muka miƙi titin Zariya. Damina ta yi sallama amma ba ta kwashe kayanta ba, ko'ina kore ne. A Kura muka tsaya muka sayi ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ɗari biyar da a da ke cika leda, yanzu sai ka leƙa da kyau kafin ka gan shi. Mai suyar ta ga yadda Yaya ke kallon ledar, ta ƙara masa biyu tana cewa ba ita ta kai mai sama ba.

Daga nan na zama idon Abba. Na riƙa faɗa masa abin da ke wucewa: fadamun shinkafa sun kwanta har inda ido ya ƙare, balbelu sun sauka a cikinsu kamar an shanya fararen huluna, hazon safiya yana tashi daga hanyoyin ruwan noman rani a hankali. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Uwata, ke komai sai kin sa masa waƙa. Shinkafar ta nuna ko ba ta nuna ba?" Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Na ce ta kusa. Ya ce to, ai da haka kika ce.

Da muka bar babban titi muka ɗauki hanyar Tiga, sai Yaya ya rage gudu saboda ramuka da garken shanu. Wajen ƙarfe takwas ruwan ya bayyana tsakanin duwatsu, shiru, mai faɗi, iska tana yi masa ƙananan tattara. Yaya ya fara kwance kwale-kwale, Abba ya dakatar da shi. Ba a jefa ƙugiya a ruwan mutane ba a gaishe su ba, in ji shi. Muka riƙe masa hannu zuwa gindin wata bishiya inda wani dattijon masunci ke ɗinkin raga. Suka gaisa doguwar gaisuwa, Abba ya miƙa masa goro, shi kuma ya nuna mana wani lungu mai duwatsu inda karfasa ke taruwa, ya sayar mana da tana cikin gwangwanin madara.

A nan na fito da tsarabata. Masu fatsa suna ɗaura ɗan guntun kara a jikin zare, ya riƙa yawo a kan ruwa. In ya nutse, kifi ya ci. Sati guda kafin tafiyar na fere guda biyar da hannuna. Da na dube su farare fat, sai na ga kamar ba su gama shiri ba, don a gidanmu farin abu ba ya kwana bai ga rini ba, ko tsumman goge tukunya ne. Na kai wa abokan aikin Abba a karofi suka tsoma mini su sau da yawa har suka yi duhu suna sheƙi. Ba wanda ya ce mini komai a cikinsu, sai ma yaba kyau.

Dattijon ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya dube ni, ya dubi ruwa. "'Yata, wa ya yi miki wannan aikin? Kara baƙi, ruwa baƙi. Ko shaho ne ba zai gan shi ba." Ya yi dariya har ragar ta zame daga cinyarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu gonar dawa kusa, farin karan da ke wurin kuwa duk jiƙaƙƙe ne. Abba ya shafa nawa da yatsa ya ce rinin dai ya kamu, a ɗaura haka.

Gaskiyar dattijon ce. Ni mai ido biyu lafiyayyu, ana jefawa nake rasa inda karan yake. Sau uku Abba yana ɗago ƙugiya babu tana, kifi ya cinye ya tafi ba mu sani ba. A na huɗu bai ƙara sa wata ba. Ya ce in je in hau jirgin in bar shi ya huta.

Na sa rigar da ke hana nutsewa, Yaya ya riƙe mini kwale-kwalen na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani. Da farko juyi kawai yake yi da ni wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, Yaya yana daga baki yana ihu, "Hagu! Ɗaya hagun!" Can sai hannuna ya gane. Ban yi nisa ba, amma shirun da na samu ban taɓa jin irinsa a cikin birni ba. Ruwa yana lasar gefen jirgin, wani tsuntsu mai dogon baki ya tsaya cak a iska ya faɗo kamar dutse. Na sa ƙugiyata ban kama komai ba, ban kuma damu ba. Sai na waiwaya. Abba yana zaune a kan dutse, ya ajiye sandar a gefe, ya juya wa ruwan baya. Na tuƙa na koma, ina ganin ni na ɓata ranar da hannuna.

Na iske dattijon ya zo ya tsuguna kusa da shi, yana kallon faratan Abba da har yanzu shuni bai gama fita ba.

"Malam, ashe marini ne kai."

"A da," in ji Abba.

"To ni ban san aikinku ba. In kun tsoma zane cikin ramin nan, da me kuke ganinsa?"

Abba ya ce, a hankali, "Ba a ganinsa. Shekara arba'in ina sa hannu a ramin da ban taɓa ganin gindinsa ba." Ya laluba ya ɗauki sandar. "Uwata, cire mini karan nan."

Na cire. Ya sa tana da kansa, ya jefa, ya naɗa zaren sau ɗaya a ɗan alinsa, ya rufe ido. Muka zauna muna jira. Rana ta hau, har na fara jin gyangyaɗi. Sai na ga yatsan ya ɗan motsa. "Wasa yake yi," in ji shi, kamar mai raɗa. "Bai ci ba tukuna." Numfashi biyu, uku, ya fizga. Karfasa ce, faɗin tafin hannu biyu, tana walƙiya tana fantsama masa ruwa a fuska. Dariyar da ya yi rabona da ita tun bara. Kafin azahar ya kama huɗu, Yaya da jirginsa na aro ya kama ɗaya, ita ma ƙarama har Abba ya ce a mayar da ita ta je ta kira iyayenta.

Muka yi sallah a gindin bishiya, muka ci gurasa da ƙuli da muka taho da ita, muka yi ban kwana da dattijon. Ya roƙi karan nan biyu, wai zai rataye a ɗaki don kyau. A hanyar dawowa Abba bai ce komai game da sandar ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun shigo birni ana kiran magariba, Umma ta soya kifin da yaji, ƙamshi ya kai har maƙwabta.

Na tafi da niyyar in ara wa Abba idona, ashe ba shi yake nema ba. Abin da na koyo a Tiga shi ne, mai son taimakon mutum ya fara tambayar abin da ya rage masa kafin ya yi kukan abin da ya rasa. Na kuma koyi cewa ba kowane farin abu ne ke jiran rini ba.

Washegari da hantsi na ji yana laluben takalmansa a zaure. Sandar tana rataye a ƙusarta ta kullum. Ya ce, "Uwata, zo ki raka ni karofi. Waɗanda suka rina miki karan fatsa ba su ce uffan ba, ina da magana da su."