Maigida Ya Hita

Ni ɗan kamasho ne a tashar Jega, tun gashin kaina na baƙi ƙirin har ya koma kamar an zazzaga mai gari. Aikina kiran fasinja. Ban iya tuƙi ba, ban iya gyara ba, maƙogwaro kawai Allah ya ba ni, amma wane irin maƙogwaro! In na dafa mota na ce "Maiyama! Maiyama! Saura mutum guda!" manomi a Sarandosa sai ya aje kalme ya waiwayo. Akwai wanda ya zo tasha rakiya kawai, na kira Aliero, bai farga ba sai ga shi tsakanin buhunan albasa yana hawaye, bai ma san wa zai je gani ba. Ku tambaya in kun samu wanda ya rage cikin mutanen lokacin.

Da anka yanke muna jiha daga Sakkwato, hanya ta cika. Kowa na da abin yi a Birnin Kebbi: masu neman aiki, da masu neman wanda zai nema musu aiki. Motoci sunka ƙaru, samari masu sabon maƙoshi sunka cika tasha. Ni ko a daidai lokacin muryata ta fara yi min rowa. In na buɗe baki da safe sai ka ji kamar ana jan buhu kan tsakuwa. Na sha zuma, na tauna citta da kanumfari, wani Bafillace ya ba ni wata saiwa da ta wanke min ciki tas amma ba ta ko leƙa maƙogwaro ba.

Wata rana ciyaman ɗin tasha ya kira ni gefe, gefen da kowa ke ji.

"Baba, mun yi shawara. Girma ya zo. Ka riƙa zuwa ran kasuwa da jajibirinta, sauran kwanaki ka huta."

Na ce, "Wa ya ce maka na gaji?"

Ya ce, "Baba, jiya ka kira Aliero, akuyar mai shayi kaɗai ta waiwayo."

Tasha ta kwashe da dariya. Na fi kowa dariya, don sana'ata ce. Amma ranar hanyar bayan gari na bi na koma gida.

To, ina mutum zai kai kansa sauran kwanakin? In na je tasha ba ranata ba, samarin da na koya ma aiki za su matsa min a benci, wani ya miƙo min goro da hannu biyu kamar na zo bara. In na zauna majalisar unguwa, kowa ya gitta sai ya ce, "A'a, yau ba a hita ba? Ko jikin ne?" Sai na ce ai ina da gida. Na shimfiɗa tabarma tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya, na kunna rediyo, na miƙe ƙafa.

Abin da ban sani ba duk shekarun nan, gida da rana ba na namiji ba ne. Ni da asuba nike barinsa, sai magariba in dawo, in iske shi share tas, na ɗauka haka yake wuni shiru yana jirana. Ashe kasuwa ce. Uwar yarana makitsiya ce. Na san tana kitso kamar yadda na san ana ruwa a Legas, labari kawai. Ashe da na ba da baya matan unguwa ke cika gidan, a tuɓe kallabi, a warware kai, a baje hira. Kuma ba matar auren da za ta buɗe kanta gaban mijin wata, ko da ko muryarsa ta mutu.

Sai in ji sallama daga zaure, mace ta leƙo, ta gan ni kwance kamar kada a bakin gulbi, ta ce, "Af, wuta na zo ɗiba," ta juya ba ta ɗebi wutar ba. Ni ko har daɗi nike ji, wai ana girmama ni.

Uwar yara ta yi haƙuri har ta gaji. Wata safiya ta aje min koko ta durƙusa.

"Malam, gobe akwai suna gidan liman. Yau mata za su zo kitso. Na roƙe su da kyar. Don Allah ka ɗan hita."

"Gidana?"

"Gidanka. Zuwa la'asar kawai."

Na shanye kokon, na ƙara da wani kwano don haushi, na saka hula na hita. Niyyata ƙalau, Allah ya sani. Ina kaiwa bakin titi sai ga motar Maiyama ta taho, direban da na sani tun yana karen mota ya leƙo ya ce, "Baba ɗan fansho! Ina zuwa?" Fasinja duk sunka juyo. Na ɗaga hannu kamar mai sauri, na shiga lungu, lungu ya kai ni wani lungu, ƙafafuna da kansu sunka maido ni ƙofar gidana. Na leƙa, tsakar gida ba kowa, uwar yara na bayan ɗaki wajen rijiya. Na ce bari in ɗan kishingiɗa a ɗaki, kafin mata su zo na sake hita. Har takalmana na kwashe na shiga da su. Wannan wayon shi ya kashe ni.

Barci ya ɗauke ni. Abin da ya tashe ni muryar taubashiyata ce, ɗiyar kawuna da ke aure bayan gidanmu, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba ta taka ta ba.

"Ke, tsohon zakaran naki na ciki?"

Na ji uwar yara ta ce, "Ya hita tun da sahe."

Wata tsohuwa, uwar liman ce, ta ce, "Ki dai duba, ɗiyata. Da surukaina na zo."

"Wallahi, Inna, ba ya nan. Ku duba ko takalmansa babu."

Na dubi takalmana a gefen gado, su ma kamar suna dubana.

Ta ramin asabari na ga abin da ban taɓa gani ba na kuma kau da kai da sauri: tsakar gidana cike da mata, kallabi a ƙasa, kawuna a warware. Ƙofa ɗaya ce ga ɗakin. Taga ko, ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta bi ta nan. Na koma bayan gado na tsuguna tsakanin kwalla da buhun gero. Nan kokon nan kwano biyu ya fara aiko min da saƙo.

Kunne dai ba ya da murfi. Taubashiyata ta tashi tana kwaikwayona, tana shaƙe murya: "Alieeero! Saura... saura..." sai ta ɓuge da tari. Mata sunka yi ta dariya har da masu buga cinya. Wata ta ce tun da na zauna gida sun koma wajen wata makitsiya a Jega Magaji, mai jan gashi har mutum ya kwana ido buɗe, ga nisa. Wata ta ce ita mijinta ya hana ta zuwa gidanmu sam, yau ma don Inna ce. Sai wata mai siririyar murya ta ce, "Wai da gaske korarsa anka yi?"

Uwar yara ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba a kore shi ba. Mutum ya yi ta kira tun ba a haihe ki ba, ai ya isa ya huta. Juyo da kanki."

Ban taɓa jin ta kare ni ba, don ban taɓa kasancewa inda ake zagina ba. Na so ƙasa ta buɗe, buhun geron ya bi ni.

Can man kitso ya ƙare, uwar yara ta ɗaga asabari ta shigo ɗauka. Ta sunkuya wajen kwalla, munka haɗa ido. Na sha ganin direba ya ga birki ya ƙi a gangara, amma ban taɓa ganin fuska ta zube irin tata ba. Na haɗa hannu biyu ina roƙo. Ta ɗauki man, ta hita ta saki asabari. Daga nan ban sake jin dariyarta ba.

Da an bar mu haka, da wataƙila mun tsira, ni da mafitsarata. Sai uwar liman ta ce tunda ana zaune, a daka yajin maijego. Anka jawo turmi har bakin ƙofar ɗakin, don nan ne inuwa. Barkono, citta, masoro, kimba. Taɓarya ta farko, hancina ya amsa sallama. Na toshe shi da hula. Na ciji hannun riga. Na karanto duk abin da na haddace. Ina!

Jama'a, muryar da ta ƙi fita a tasha wata da watanni, ashe tana nan ajiye. Atishawar da na yi, na tabbata a Aliero an ce "Yarhamukallahu." Kwalla ta amsa, faranti ya faɗo daga jere.

Tsakar gida ta yi tsit, sannan ta tarwatse. Salati, kururuwa, kowa na wawurar abin rufe kai. Wata ta kifa ƙwarya, wata ta ja zanen goyon wata. Sunka yi zaure a guje, rabin kai kitse rabi kamar sheƙar angulu. Ni ko na ɓullo da gudu, ba wajensu ba, bayi na nufa, da buta a hannu, ina cewa "Ku yi haƙuri, ban ga kowa ba!" wanda hakan ya ƙara tabbatar musu na gani.

Da na fito, uwar liman kaɗai ta rage, tana ɗaura kallabi a hankali. Ba ta ko dube ni ba. Sai ta juya wajen uwar yara ta ce:

"Ɗiyata, kin ce wallahi."

Ta dogara sandarta ta hita.

Na ce zan bi ta in yi bayani. Uwar yara ta ce, "Ka ce mata mi? Ka ce kunyar tasha ta sa ka ɓuya bayan gadon matarka?" Ta tattara tsinken kitso da mataji ta zuba a gwangwani ta rufe. Ba ta je sunan ba. Kwanaki sunka wuce, gidan ya zama irin yadda na daɗe ina zato: share tas, shiru. Ko mai ɗibar wuta babu. A unguwa ana cewa makitsiya na ɓoye miji a ɗaki ta rantse. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Tuwo kawai take aje min ta koma ta zauna tana duban hannuwanta.

Na rasa wajen zuwa sai gidan taubashiyata. Na yi sallama, ta fito zaure ta gan ni, ta kama ciki.

"A'a, amaryar bayan gado! An fito?"

Na ce, "Yi dariyarki ki ƙare. Ita ba ta san ina ciki ba lokacin da ta rantse. Ni na sato hanya na shiga."

"Wannan ni za ka gaya ma? Tai ka gaya ma Inna."

Na tahi. Na durƙusa gaban uwar liman, ni da furfurata, na faɗi komai, har da takalma, har da koko. Ta saurara tana jan carbi. Ta ce ta yarda rantsuwar ɗiyar mutane ba ta karye ba. Amma mata ba za su koma ba, don wa zai tabbatar musu gobe ba ni bayan buhu?

Taubashiyata da ta biyo ni don kada dariya ta wuce ta, ta ce, "Inna, ba kiran mota ne aikinai ba? Kullum in zai hita, shi tsaya ƙofar gida shi yi shela, unguwa ta ji da bakinai. Sannan a gan shi ya miƙe titi har tasha."

Na ce, "Tasha? Ba ranata ba?"

Taubashiyata ta ce, "To koma bayan gado."

Washegari ba kasuwa ba jajibiri. Na saka hula, na saka takalma inda kowa ke gani, na tsaya ƙofar gidana. Masu tallan koko sunka tsaya. Mai gyaran keke ya aje sifana. Na dafa bango kamar yadda nike dafa mota, na tattaro abin da ya rage a maƙogwaro.

"Maigida ya hita! Maigida ya hitaaa!"

Muryar ta fito kamar kukan tsohon ƙyaure. Majalisa ta faɗi da dariya, har limamin ya rufe baki da rawani. Na juya zan wuce, sai na ji motsi a zaure. Uwar yara ce, daga cikin duhu, gwangwanin kitso a hannunta.

Ta ce, "Malam, ƙara. Na bayan layi ba su ji ba."

Na ƙara.

Sannan na miƙe titi, kowa na kallo, har tasha. Samari sunka matsa min a benci. Ɗaya ya miƙo goro da hannu biyu. Na karɓa na ɓare na jefa a baki, na zauna ina kallon wani yana kiran Maiyama da muryar da ko Jega ba ta gama ji ba.