Zuwa Damagaram da Ciwon da Ba a Faɗa a Majalisa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Garagumsa, ni da mai ɗakina, muka nufi bakin gudro, wato titin kwalta, don tarar motar Damagaram. Masu ta tambayar ina na shige, yau ga amsarku, ko da yake da kunya nake ba ku ita.

Tun da damina ta gaza mana, cimarmu ta koma garin rogo da tuwon dawa ba miyar kirki, ruwan sha kuwa sai an auna. Cikina ya ƙulle. Duk sanda na zaga bayan gida sai in ji kamar ana tsaga ni da reza, jini ya biyo baya. Na sha saiwoyi da sassaƙe da sunan basir har na gaji. Ranar da mai ɗakina ta gane tsoron zagawa ne ya hana ni cin abinci, ta ce ko in tashi mu tafi likita, ko ta tara 'yan'uwana ta faɗa musu komai. Na tashi.

Motar cike take da masu tafiya ci-rani. Da gefe ɗaya na zauna, kowane rami direba ya faɗa sai na yi salati, har wani dattijo ya yaba mini yawan ambaton Allah. Hagu da dama karan gero bai kai gwiwa ba, shanu sai ƙashi da fata. A Tirmini na ji farashin tiyar gero, na yi da na sanin tambaya.

Da muka isa Damagaram, a unguwar Zango muka sauka, gidan wani Babarbare mai sayar da yadi, abokin marigayi mahaifina. Duk da layin bido, wato jarkokin ruwa, da ke bakin kowane famfo, bai taɓa bari butarmu ta bushe ba, bai kuma tambayi abin da ke damuna ba. Allah ya saka masa. A hanyar zuwa likita 'yan kabu-kabu sun yi ta kirana, na ce su bar ni da ƙafata.

Dokta ya duba ni ya ce ba basir ba ne, tsaga ce a bakin dubura. Ya ba ni man shafawa, ya ce kafin a yi zancen wuƙa in je wurin kine, masu gyaran jiki da motsi da tausa. Ni a sanina aikinsu karaya ne da shanyewar ƙafa. Da na shiga na tarar mace ce, sa'ar 'yata, saura kaɗan in juya. Ta sa aka shigo da mai ɗakina, sannan ta dunƙule hannunta ta nuna mini.

“Baba, haka naman wurin ya ɗaure saboda tsoron zafi. Muddin yana ɗaure, tsagar ba za ta warke ba. Sakinsa za mu koya.”

Ta kwantar da ni, hannuna a kan cibiya, in ja numfashi har ciki ya kumbura, in saki ƙasana kamar mai sassauta mazagi. Ta hana ni yunƙuri a bayan gida, ta ce in riƙa hura iska a hankali kamar mai fifita kunu da baki. Da ta zo kan zama cikin ruwan ɗumi na ce, “Madam, mu da na sha ma yake gagara?”

“Buta ɗaya a ƙaramin baho ta isa, Baba. Na sha kuwa kada a rage maka. Inna, ki nemo masa zogale da kuka da busasshiyar kuɓewa.”

Mun yi ta komawa, mai ɗakina ta fi ni riƙe darasin. Safiyar da na fara zagawa ba tare da cizon leɓe ba, na fito na yi alwala, na yi sujadar godiya a tsakar gidan mutane.

Yanzu mun dawo gida lafiya, ban warke sarai ba amma ina ci, ina zuwa rijiya da ƙafata. Tafiyar ta nuna mini cewa ɓoyon da na yi ya fi tsagar cutar da ni. Jiya wani tsohon maƙwabcinmu ya ja ni bayan rumbu, ya sunkuyar da kai ya ce wai wani abokinsa ne ke fama da irin abin nan. Na ce masa, “Kawu, ɗora hannunka a cibiya in nuna maka, sai ka je ka koya wa abokin.”