Bencin Papa Makiuti

A tsibirin Mauke, Papa Makiuti bai taɓa rubuta waƙa a takarda ba. A gonar gwaza take zo masa, ko a kwalekwale yana jiran kifi. Sai ya dawo gida yana gunjinta a maƙogwaro, matarsa Ngatokorua tana kankare kwakwa, ta saurara, ta ɗora muryar mata a kai. Haka waƙoƙin addu'arsu suka cika majami'a tun suna da ƙuruciya.

A majami'ar kuwa kowace unguwa da ɓangarenta, kowace da layinta na waƙa. Mace ce ke ɗaga waƙa, maza su amsa daga ƙasa. Namiji ba ya farawa, kuma ba a aron murya daga wata unguwa, don abin gori ne har jikoki.

Jirgi ya yi ta kwashe mutanen unguwarsu zuwa Niyu Zilan, har da 'ya'yansa. Ngatokorua ta rasu, ba sauran macen da za ta ɗaga musu waƙa. Idan layinsu ya zo, fasto yakan ɗan jira, ya yi tari, ya wuce. Wannan tarin ya fi komai ci wa tsohon rai.

Ana haka wata waƙa ta zo masa, roƙon Ubangiji kada Ya bar mutum shi kaɗai da tsufa. Ya rera wa bango, ya rera wa aladunsa. Ya san in mace ba ta ɗaga ta ba, da ita za a binne shi.

Ranar nan ya rataya babban kifi, ya nufi ɗaya unguwar, gidan Mama Tepaeru, wadda ta ƙare rayuwarta tana cewa waƙoƙinsa kukan saniya ne.

"Yau kuma wa ya mutu?" in ji ta.

"Ba kowa, Mama. Murya na zo nema."

"Kai, Papa, tsufa ya taɓa ka! Ni in zauna a bencinku? Ai uwata sai ta tashi daga kabari ta mare ni."

"To ki dai ji."

Ya rera mata. Ta ci gaba da fere kifin da ya kawo mata, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ta yi tsawo," ta ce. "Kifin dai na gode."

Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa, ya zauna shi kaɗai a dogon benci. Da layinsu ya zo sai ya miƙe, ya tsaya kawai, don ba shi da ikon farawa. Mutane suka sunkuyar da kai, kunya ta kama kowa.

Sai wata siririyar murya ta tashi daga can ɗaya ɓangaren. Mama Tepaeru ce, tana zaune daram a bencin unguwarta, hularta a karkace. Ba ta tsallako ba, amma baitinsa ne, ba ta yar da ko kalma ɗaya ba.

Ta kai inda maza ke amsawa. Makiuti ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin kumatunsa. Duk majami'ar babu wanda ya san amshin sai shi.

Ta juyo ta harare shi.

"Amsa mana, tsoho! Ko so kake ka bar ni ni kaɗai?"

Ya share fuska da hannun riga, ya amsa.